Ɗalibanmu na iya jin Mushtari daga Kano

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi kira ga malaman kimiyya na sakandaren jihar nan. Mushtari, babbar duniyar da Turawa ke kira Jupita, tana watso sigina a gajeren zango, kuma ana iya kama ta da kayan da ba su fi ƙarfin makaranta ba.

Tun 1955 Bernard Burke da Kenneth Franklin suka gano haka a Amurka, a mitar megahaz 22.2 (mita a nan ita ce saurin kaɗawar igiyar rediyo, megahaz kuwa ma'auninta ne). Asalin abin shi ne watanta Io, mai aman wuta, wanda ke zubar da kusan tan guda na iskar farar wuta kowace daƙiƙa. Iskar nan tana rikiɗewa ta zama filasma, wato iskar da ƙwayoyinta ke ɗauke da cajin lantarki. Ƙwayoyin ilektiron, wato ƙananan ƙwayoyi masu caji da ke cikin filasmar, sai su bi layukan maganaɗisun Mushtari suna murɗawa zuwa ƙuryarta ta arewa da ta kudu, suna miƙa ƙarfinsu ga igiyoyin rediyo. Gwargwadon ƙarfin maganaɗisu, gwargwadon mitar da za ta fito, shi ya sa siginar take tsayawa wajen megahaz 40. Ba ta bazuwa ko'ina, sai gefen da ta fuskanta, kuma gefen ya danganta da inda Io yake, don haka a duba jadawalin matsayin Io kafin a hana yara barci.

Ana bukatar wayar tagulla mita 7, a raba ta biyu daidai, a ɗaure gabas da yamma, mita 3 daga ƙasa, a haɗa tsakiyarta da kebul irin na dish zuwa rediyo mai kama 20.1 megahaz. Mitar da Radio JOVE, shirin sauraren Mushtari na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya zaɓa ke nan. A kashe abin da ke daidaita ƙarar rediyon da kansa, in ba haka ba zai danne siginar.

Matsalarmu a birni ita ce hayaniyar lantarki: janareta, inbata, ƙwan fitila na zamani da cajar waya duk suna zuba shuu a wannan zango. Da damina kuma walƙiya ce ke cika kunne. Gara a fita bayan gari da rani, da batir, bayan tsakar dare, lokacin da cajin lantarkin da ke saman sararin iska ya ragu yana barin siginar ta ratso. Za a ji ta tana tashi tana sauka a hankali, wani lokaci kuma tana tartsatsi kamar ana tuya gugguru.

Zuhal, duniyar da Turawa ke kira Saturn, ita ma tana watsawa, amma mitarta ta yi ƙasa ƙwarai, ba ta ratso sararinmu. Sai kumbo irin Voyager da Cassini ne suka ji ta.

Na gode.

Wani malamin fiziks,
Gwale, Kano