Wane suna zan roƙa wa 'yata ta huɗu?

Assalamu alaikum Malama,

Ina gaishe ki da aiki, ina gaida duk masu hidimar wannan fili. Allah ya saka miki da alheri kan yadda kike kwance wa mata ƙullin da ya sha musu kai. Ni malamar lakwal ce a nan Maradi, ina da 'ya'ya mata uku, ina kuma ɗauke da cikin na huɗu. Da na je awo, likita ta duba ta ce in Allah ya yarda mace ce, lissafin haihuwa kuma ya faɗa cikin watan Agusta. Damuwata a kan suna take, kuma ta hana ni sukuni, don abu ne da yarinya za ta amsa har ƙarshen rayuwarta.

Aikina ne ya fara sa ni tunanin suna. Kowace safiya in na buɗe kundin aji ina kiran yara, sai in ce Nana A'ishatu, hannuwa su tashi ta ko'ina. Haka Mariyama, haka Hadiza. Dole mu riƙa haɗawa da sunan uba, in uban ma sunansu ɗaya sai mu koma babba da ƙarama, ko fara da baƙa, har wata yarinya ta tashi da laƙabin da ba ta so. Sunayen nan masu albarka ne, ba ni da ja a kansu. Sai dai a tarihin Musulunci akwai mata da yawa masu daraja da muka bar sunayensu a cikin littafi.

Maigidana ne ya zaɓi sunan ta fari, Sumayya, don tunawa da mahaifiyar Ammar ɗan Yasir, wadda Abu Jahil ya kashe a Makka, ita ce farkon wanda ya yi shahada a Musulunci. Ta biyu ya sa mata Nusaiba, matar da ta tsaya da takobi tana kāre Manzon Allah (SAW) ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. A ta uku ne muka lura sunayen duk da "a" suke ƙarewa, sai muka zaɓi Rufaida da gangan. Ita ce mai tanti a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, can aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu da kibiya ta same shi a yaƙin Gwalalo, shekara ta 5. Sunanta daga kalmar taimako da tallafi ya fito. In magariba ta yi na leƙa ƙofar gida na kira su a jere, sunayen sukan zubo kamar baiti ɗaya na waƙa, maƙwabta ma har sun haddace. Wani malami abokin aikina ya ce ba abin mamaki ba ne, don harafin da Larabci ke rufe sunan mace da shi mu muke karantawa "a" ko "atu", shi ya sa ake jin Hafsa da Hafsatu, Ramla da Ramlatu. Hausa ma kusan duk kalmominta na mace da "a" suke ƙarewa. Ina son ta huɗu ta shiga jerin yayyenta, kada ta zama ita kaɗai a gefe.

Ƙanwata takan turo mini jerin sunaye ta WhatsApp: Anaya, Kiyara, Alisha, Elina. Suna da daɗi a baki, amma suna ɗaya sai ki ga wannan jeri ya ce haske, wancan ya ce kyautar Allah, ba wanda ya faɗi daga wane harshe aka ɗauko. Ban yarda in sa wa 'yata abin da in ta tambaye ni asalinsa zan yi shiru ba. Sai na koma wajen malamar Islamiyyarmu, muka zauna da littafi. Ta nuna mini Lubaba, matar Abbas, mahaifiyar Abdullahi ɗan Abbas, 'yar'uwar Maimuna matar Annabi, ma'anarsa tsantsar cikin abu, ƙwayar da ta rage bayan an cire ɓawo. Ta nuna mini Shaima, 'yar Halimatus Sa'adiyya, wadda suka sha nono ɗaya da Annabi. Akwai kuma Lina, itacen dabino, kalmar tana cikin Suratul Hashri aya ta 5, amma maigida yana ji ya ce ya yi kama da sunan nasara, aka ajiye shi.

Wanda ya fi kwanta mini a cikinsu shi ne Umama, jikar Annabi, wadda yake ɗauka a kafaɗa yana salla, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya sake ɗaukarta. Duk sanda na tuna wannan sai idona ya ciko. Sunan daga "uwa" yake a Larabce.

To, Malama, ga inda gizo yake saƙar. Sunan da zuciyata ta fi so ba ya cikin littafin nan ko ɗaya. Marka ne, sunan kakata ta wajen uwa, wadda ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyata. A wani ƙauye kusa da Madarumfa aka haife ta tsakiyar damina, lokacin ruwan nan mai sauka a hankali kwana da kwanaki ba ƙaƙƙautawa, gero yana fitar da kai, gulbi ya ciko, kowa ya san bana za a ci. Ita ta ba ni labarin ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon garin Maradi na cikin kwari har aka dawo kan tudu, tana yarinya a lokacin. Ta mutu ba ta san boko ba, amma da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta saya mini allo da littafi. Ina ganinta har yanzu durƙushe gaban turmi tana matsar tunkuza, hannayenta suna ƙyalli da mai, tana tambayata me muka koya yau. Ga shi 'yata, tattaɓa-kunnenta, in Allah ya nufa, a cikin marka za ta zo duniya, sunan kuma da "a" ya ƙare.

Da na ɗan taɓa zancen, maigida bai yi faɗa ba, ya dai ce Marka laƙabi ne, ba a yanka rago a kansa. Yayansa kuwa da maganar ta kai kunnensa cewa ya yi sunan Azna ne, na mutanen da. Abin ya sosa mini rai, don kakata ba ta taɓa barin salla ba. Kuma sunayenmu na gargajiya labarin haihuwa kawai suke ɗauke da shi: Tasalla wadda ta zo ranar Salla, Laraba wadda ta zo ran Laraba, Dela macen da ta biyo maza, Shekara wadda ta daɗe a ciki, Kyauta wadda aka samu bayan an ɗebe tsammani. Yanzu duk sun koma bakin tsofaffi, a ajina ba ko ɗaya. Malamarmu ta faɗa mini cewa Hadiza ma, a asalin Larabci, wadda aka haifa kafin watanninta su cika ke nan, Ramla kuwa rairayi. Ashe su ma Larabawa da yanayin haihuwa da abin da ke kewaye da su suke sa suna. Ta ce sunayen da Annabi ya canza masu mummunar ma'ana ne ko masu yabon kai: 'yar Umar da ake kira Asiya mai nufin mai saɓo, wanda ya bambanta da Asiya matar Fir'auna, ya mayar da ita Jamila, Barra kuma ya mayar da ita Juwairiyya. Mariya da ta zo daga Masar da sunanta ta zauna. In haka ne, me Marka ya yi? Ruwan sama ai rahama ne.

Akwai kuma wani ɓangaren da ya fi wannan nauyi. Mahaifiyar maigida, wadda nake kira Inna, har yau ba a yi mata takwara a ɗakina ba. Ba ta taɓa buɗe baki ta nema ba, mace ce mai kawaici, amma ƙanwar maigida ta rada mini cewa wannan karon tana sa rai. Sunanta ba zan iya rubutawa ba, kin dai gane, irin na babbar 'yar Annabi ne, kuma yadda muke faɗinsa a nan da "u" yake ƙarewa. Inna ta yi mini wankan jego sau uku da hannunta, ta dama mini kunun kanwa, ba ta taɓa ce mini komai ba kan haihuwar mata zalla, alhali wasu a dangi sun faɗa. Ba na son in ɓata mata. In aka sa sunanta, ni ba zan iya kiransa ba, sai dai a nemi na alkunya, Ummi ko Walida. Na yi tunanin a yanka da sunan Inna a riƙa kiran yarinya Marka, sai na ji tsoron kada a ce na lulluɓe sunan surukata da na kakata. Na kuma yi tunanin Umama, tunda ita Umama 'yar wannan babbar 'yar Annabin ce, sai ya zama an girmama Inna ta wata hanya. Amma ban sani ba ko tsohuwa za ta karɓi wannan a matsayin takwara, ko za ta ɗauka wayon 'yan boko ne.

Na san raɗin suna haƙƙin uba ne, shi zai yi huɗuba, shi zai faɗa wa liman ranar bakwai, kuma abin da aka faɗa a nan shi za a kai gidan magajin gari a rubuta a takardar haihuwa. Ba na neman ƙwace masa wannan. Ina dai son ki taimaka mini da amsa. Shin a addini akwai laifi a yanka rago da sunan Hausa mai kyakkyawar ma'ana irin Marka? In babu, da wane lafazi zan koma wa maigida da zancen ba tare da ya ga na haɗa shi da yayansa ba? Sannan a ganinki, tsakanin haƙƙin Inna da ke raye da na kakata da ke kabari, wanne ya kamata in gabatar wannan karon, tunda ba ni da tabbacin wata haihuwar a gaba?

Don Allah in za ki karanta a iska, ki sakaya unguwarmu, don Inna ba ta rabuwa da rediyonta. Allah ya ƙara basira, ya bar zumunci.

Taki,
Wata uwa daga Maradi