A koya wa masu ciwon suga yadda ake ajiye insulin

Ya Edita,

Na karanta rahotonku kan ƙarancin insulin, maganin allurar ciwon suga, tun ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023, sai dai kun tsallake batun ajiyarsa.

Ana son insulin ya zauna cikin sanyin digiri 2 zuwa 8, mu kuwa a Mai Wurno da ke jihar Sinnar wutar lantarki sai ta ga dama. Mahaifiyata ta yi wata guda tana allura, suga bai sauka ba. Wata nas ce, Allah ya saka mata, ta lura ruwan kwalbar ya yi gudaji, zafi ya lalata shi. Ita ta nuna mana mu ƙulle kwalbar a leda, mu sa a jiƙaƙƙen yashi cikin tukunyar ƙasa, a inuwa.

Ina roƙon hukumomin lafiyar jihar Sinnar su ware wa ma'aikatan jinya lokacin koyar da wannan, da Hausa da Larabci, duk ranar karɓar magani.

Naku,
Mai karatu daga Mai Wurno