Baƙonku na daren Laraba bai yi wa masu kaki adalci ba

Assalamu alaikum Edita,

Wallahi tun daren Laraba abin nan ke cina a rai. Baƙon nan na shirinku da kuka ce masanin tsaro ne ya buɗe baki ya ce wai 'yan sanda da 'yan kwana-kwanan jihar Wiskonsin ta Amurka da suka bi malaman makaranta zanga-zanga sun ci amanar kaki, shi kuma mai gabatarwa ko uffan, sai "haka ne, haka ne" kawai yake ta yi. Haba jama'a!

Ai dokar da gwamna Scott Walker ya kawo a Fabrairun 2011, wadda ta karya lagon ƙungiyoyin ma'aikata wajen ciniki da gwamnati, ba ta shafi yawancin 'yan sanda da 'yan kwana-kwana ba, shi da kansa ya tsame su daga ciki. Da sun ga dama sai su ja bargo su kwanta abinsu. Amma suka fito Madison, babban birnin jihar, cikin wannan uban sanyi, masu diyuti na gadin majalisa, waɗanda suka tashi aiki na cikin taro riƙe da kwalaye. Mu nan cewa muke in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, su kuwa gemun ɗan'uwan suka je kashewa. Wannan ne cin amana? Wai kuma me suka ci tunda dokar ta wuce, Walker ma ya sake cin zaɓen kiranye a 2012. To sai me? Dama sai ka tabbata za ka yi nasara kake tsayawa da maƙwabcinka?

Ni abin da ya sa ya yi min zafi, Yayana tsohon ɗan sanda ne, shekara 35 ya yi yana wannan aiki. Lokacin yajin aikin ƙungiyar ƙwadago na Mayun 2021 yana cikin waɗanda aka jibge a titi a Kaduna, matarsa kuma Anti, malamar firamare, tana cikin masu tattakin, gida ɗaya suka kwana tukunya ɗaya suka ci, gari ya waye shi yana wannan ɓangare da kulki ita tana wancan. Da ya zo Zariya ƙarshen satin na tarar da shi a zaure ya tasa tuwo gaba ya kasa ci. Na ce Yaya lafiya? Ya ce kai dai bari, kakin ne ya tsaya a wurin, ni ba na ciki. Ba shi da ƙungiya, ba shi da bakin magana, in ya yi tari a ce ya yi tawaye. Tun yajin aikin 'yan sanda na 2002 zamanin Obasanjo kowa ya kama bakinsa.

Yanzu ya yi ritaya, ɗan abin da ke shigo masa a wata ko buhun masara da maganin hawan jini ba ya haɗawa. Sai a Yulin 2025 da tsofaffin 'yan sanda suka yi zanga-zangar fansho a Abuja sannan ya samu ya ɗaga kwali, da furfurarsa da ciwon gwiwa, ni na kai shi Kwangila ya hau mota. Ku kawo irinsu mana shirin su faɗa da bakinsu, ba kullum masu babbar riga da turanci ba.

Sannan don Allah layin wayar nan naku. Sau bakwai ina kira, katina ya ƙare a banza, amma mutum ɗaya daga Samaru kullum shi ke shiga, har mun haddace gaisuwarsa. Ɗan gidanku ne?

Mai sauraronku,
daga Tudun Wadan Zariya