Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Kiwon Lafiya kan ciwon funfuna a baki da maƙogwaro

Mai girma Minista, assalamu alaikum.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Tawa, kuma ina roƙon a mai da hankali ga wani ciwo da ba ya tayar da hankalin gari kamar ƙyanda ko sanƙarau, amma yana hana majinyaci ci da sha har ƙarfinsa ya ƙare.

Da daminar bana an kawo mini wata baiwar Allah daga ƙauye, harshenta da dasashinta sun yi fari fat kamar an shafa kindirmo. Surukarta ta dama fura ta miƙa mata, ta kurɓa sau ɗaya, ta dafe ƙirji, ta ture ƙwaryar tana hawaye. Wata uku ana yi mata jiƙe-jiƙe ba wanda ya ce ta buɗe baki. Funfunar Candida ce ta gangara har maƙoshi, wadda hukumar lafiya ta duniya, OMS, ke lissafawa cikin alamomin mataki na 4, wato na ƙarshe, na cutar sida, kuma gwaji ya tabbatar da hakan. Alhamdu lillahi, maganin fluconazole ya dawo mata da haɗiya.

Waɗanda suka fi damuna su ne ire-iren funfunar da ba a cika gani ba. Histoplasma, da ake shaƙa daga ƙasar da kashin jemage ko na tsuntsaye ya taru, kan fito da gyambo a harshe wanda ake ɗauka ciwon kansa ne ko tarin fuka. Mucor kuwa masu ciwon suga ya fi kamawa, yana cin rufin baki har ya yi baƙi, kamar yadda aka gani a Indiya a 2021, kuma fluconazole ba ya taɓa shi, sai maganin amphotericin B da tiyata. Dukansu suna cikin nau'o'i 19 da OMS ta ware a 2022 a matsayin masu haɗari.

Don haka, ranka ya daɗe, ina roƙon a umarci kowace CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya, ta riƙa haska bakin duk babban da ya zo a rame, domin tocila kawai aikin ke bukata, kuma duk wanda aka ga farin nan a bakinsa a yi masa gwajin sida da na suga a ranar, cikin sirri. Gyambon da ya wuce mako biyu bai warke ba, a tsara yadda za a yanki ɗan nama a aika Yamai a bincika, ba tare da iyali sun sayar da akuyarsu don kuɗin mota ba. A kuma tanadi amphotericin B a manyan asibitocin jihohi.

Na gode, Allah ya taya riƙo.

Wata ma'aikaciyar jinya, Tawa