Wasiƙa daga Manchester, washegarin Babbar Sallah

Manchester, Ingila
21 ga Yuli, 2021

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi, tare da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya, ku da Inna da dukan mutanen gida, ina yi muku barka da Sallah. Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Yaya ya shaida mini cewa kuɗin rago sun iso a kan kari, na yi hamdala. Mu ma a nan lafiya lau muke, ni da maiɗakina da jikokinku.

A wayar da muka yi ranar jajibere kun ce mini kun ji a rediyo cewa Turawa sun buɗe ƙasarsu, ciwon korona ya wuce, saboda haka ba ku ga dalilin da zai sa in ci gaba da damun ku da maganar allura da takunkumi ba. Na ji akwai baƙi a zaure, kuma ba tarbiyyar da kuka yi mini ba ce in ja zance da ku a gaban mutane, shi ya sa na yi shiru, na bari sai yau da ba ni da aiki in zauna in warware muku yadda abin yake.

Gaskiya ne an buɗe. Tun shekaranjiya Litinin, 19 ga wata, gwamnati ta janye kusan dukan dokokin da suka rage a Ingila: babu ƙayyade yawan mutanen da za su taru, babu dokar ba da tazara, sanya takunkumi ma ya tashi daga wajibi ya koma shawara. Jaridu suna kiran ranar da sunan ranar 'yanci. Sai dai ranar Asabar, kwana biyu kafin wannan 'yanci, mutum sama da 54,000 ne gwaji ya nuna sun kamu da korona a yini guda, har da ministan lafiya Sajid Javid, wanda shi da bakinsa ya ce adadin yana iya kaiwa 100,000 a rana. Firaminista Boris Johnson ma a killace ranar ta same shi, don ya yi mu'amala da ministan. Tun 21 ga Yuni aka so a yi wannan buɗewa, nau'in Delta da ya bazu ya sa aka ɗaga da mako huɗu. Kun ga ashe ciwo yana nan daram, an dai yanke shawarar a zauna da shi ne, kuma a kan wannan shawara ƙasar ta rabu biyu.

Masu goyon bayan buɗewa ba mutanen banza ba ne, kuma ba na so in rage musu hujja. Suna cewa tun 23 ga Maris, 2020 ake rufewa ana buɗewa, yara sun yi watanni ba su ga allo ba, masu shaguna da gidajen abinci sun ci bashi har wuya, tallafin da gwamnati take biyan ma'aikatan da aka zaunar a gida zai ƙare a ƙarshen Satumba, kuma mutum sama da miliyan biyar suna layin jiran aiki a asibiti saboda an mayar da hankali kan ciwo ɗaya. Firaminista ya ce idan ba a buɗe yanzu ba, lokacin da ake zafi kuma makarantu za su tafi dogon hutu, to yaushe za a buɗe, da hunturu da mura take cika asibitoci? Duk sanda na ji wannan magana sai in tuna watan Afrilun bara da aka kulle Kano, kuka yi makonni ba ku ɗaga ƙofar shago a Kwari ba, Inna tana auna hatsi da gwangwani don ya kai. Wanda ya ga haka ba zai yi wa kulle kallon abu mai sauƙi ba, ni ma ba na fatan a koma.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai likitoci da masana sama da dubu da suka sa hannu a wata takarda a mujallar likitanci ta The Lancet suna cewa matakin ganganci ne kuma an yi gaggawa. Shugaban adawa Keir Starmer ma haka ya ce. Hujjarsu ita ce matasa da yawa ba su cika allura biyu ba, kuma duk inda ciwo ya sami fili yana yawo, yana iya rikiɗa ya fito da sabon nau'in da allura ba za ta riƙe ba. Suna nuni da Holan, wadda ta buɗe gidajen rawa a ƙarshen Yuni, cikin mako biyu masu kamuwa suka ninka har firaministanta Mark Rutte ya fito ya nemi afuwar jama'a.

Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne takunkumi. Na yarda a buɗe kasuwa, a buɗe masallaci, mutane su ga danginsu. Amma wannan ɗan ƙyalle bai taɓa hana kowa neman abinci ba, ban ga ribar da aka ci da cire shi daga doka ba. Gwamnati ta ce an bar wa kowa ya yi amfani da hankalinsa. Wannan magana tana da daɗin ji ga wanda yake aiki da kwamfuta a falonsa, wanda shi yake zaɓen wanda zai shigo masa gida. Direban bas kuwa ba ya zaɓen fasinja. Awa tara ko goma nake yi a bayan sitiyari, ƙofa tana buɗewa tana rufewa, hankalin duk wanda ya hau shi ne rabona na wannan rana. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasar nan sun nuna tun bara cewa masu gadi da direbobin tasi da na bas suna cikin mazan da ciwon ya fi kashewa, kuma idan kuka leƙa waɗannan ayyuka za ku tarar baƙi irinmu suna da yawa a ciki. Abokin aikina da nake ba ku labari, ɗan Pakistan ɗin nan da muke buɗa-baki tare a gareji, a watan Afrilun bara muka rasa shi, kuma ban sami tsayawa a kan kabarinsa ba saboda an ƙayyade masu rakiya. Allah ya jiƙansa.

Ranar Litinin ɗin na fita da asuba. Da safe kusan kowa da takunkuminsa, masu zuwa aiki ne, sun saba. Da la'asar sai abin ya juya. A wata tasha na tsaya, wata tsohuwar Baturiya mai sanda, wadda na san fuskarta domin kusan kullum ina ɗaukar ta zuwa asibiti, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan matakala, ta leƙa ciki ta ga samari cike da kujeru fuska a buɗe suna hira da ƙarfi, sai ta janye ƙafarta ta ce mini in tafi, za ta jira na baya. Na san na bayan ma haka za ta same shi. Samarin ba su karya doka ba, ni kuma ba ni da ikon ce musu uffan. A madubi na ga ta koma ta zauna a kan benci, ta ɗora hannu biyu a kan sandarta. Irinta suna da yawa, masu ciwon daji da waɗanda aka yi wa dashen ƙoda da sauran masu raunin jiki, kuma a wurinsu ranar da aka buɗe wa kowa ita ce ranar da suka koma ɗaki.

Har shugabannin ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Magajin garin Landan, Sadiq Khan, ya ce dole a ci gaba da sanya takunkumi a jiragen ƙasa da bas na birninsa. Namu na Manchester, Andy Burnham, ya wajabta shi a jiragen cikin gari da suke ƙarƙashinsa, amma bas na kamfanoni ne, ikonsa bai kai can ba. Scotland da Wales kuwa ba su cire dokar ba. Mutum ɗaya zai sauka daga jirgi da takunkumi, ya cusa shi a aljihu, ya hau motata.

A masallacinmu ma an sha muhawara kafin Idi. Matasa suka ce tunda an tara mutum sama da 60,000 a filin Wembley ranar 11 ga wata don kallon ƙwallon Ingila da Italiya, babu hujjar da za a ce mu ci gaba da barin gurbi a sahu. Akwai ciwon bara a cikin maganarsu, domin a daren jajiberen Babbar Sallar 2020, bayan ƙarfe tara na dare, aka sanar da hana ziyartar juna a gidaje a yankinmu, alhali an dafa abinci an ɗinka kaya, mashaya kuma suna buɗe. Dattawan kwamiti, cikinsu akwai likita, suka ce rashin adalcin bara ba zai zama dalilin jefa tsofaffinmu cikin haɗari bana ba, suka tunatar cewa ko aikin Hajjin bana mutum 60,000 mazauna Saudiyya kaɗai aka bari. Daga ƙarshe aka raba salla kashi uku, kowa ya zo da alwalarsa da daddumarsa da takunkuminsa, aka matso da sahu amma ba a haɗa kafaɗa ba. Bayan sallama wani dattijo ɗan Sudan ya miƙo mini hannu, ya tsaya, ya mayar da shi ƙirjinsa, idonsa ya cika da hawaye. Ni ma na dafa ƙirjina.

Baba, ga abin da na fi so ku duba. Abin da ya ba gwamnatin nan ƙarfin halin buɗewa shi ne allura. Kusan kashi biyu cikin uku na manya sun karɓi biyu. A watan Janairu ana rasa sama da mutum dubu a rana, yanzu kuwa, duk da yawan masu kamuwa, mamatan ba su kai ɗari ba. Ko da hakan, ƙasar da ta binne sama da mutum 128,000 ce take wannan caca, kuma rabin mutanenta gabansu yana faɗuwa. Najeriya kuwa allurar da ta iso a farkon watan Maris ba ta cika miliyan huɗu ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar a farkon watan nan cewa Delta ya shigo. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya shiga ruwan sama da laima, bai kamata ya bi shi da kai a buɗe ba. Kun fi ni sanin dattawan da aka yi ta ɗauka a Kano a azumin bara, wasunsu abokan zamanku ne a ƙofar gida.

Saboda haka ina roƙonku, don girman Allah, da zarar an kawo wata allurar ku bari Yaya ya kai ku, ku da Inna, musamman da yake tana fama da ciwon suga. Ni da maiɗakina mun yi biyu-biyu, ban da ciwon dantse da zazzaɓin kwana ɗaya babu abin da ya same mu. Batun bikin Auta kuma, ina nan ina neman hutu, kuma tunda yanzu wanda ya cika allurarsa a nan ba sai ya killace kansa ba idan ya dawo daga Najeriya, ina sa ran zuwa in Allah ya yarda. Alfarmar da nake nema ita ce a ɗaura auren a fili ƙofar gida maimakon cikin zaure, a shimfiɗa wa dattawa tabarmi a gefen da iska take kaɗawa. Zan aiko da kuɗin rumfa da kujeru ta hannun Yaya a ƙarshen wata.

A gaishe mini da Inna da Gwaggo da Kawu da Liman. Jikokinku suna gaishe ku, ƙaramin yana ta tambaya ko an ajiye masa soyayyen nama. Ina neman addu'arku.

Wassalam,
Ɗanku