Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyar Masu Haɗa Katin RFID

Assalamu alaikum, shugabanni, dattawa da sauran 'yan'uwa membobi.

Babban abin da muka sa a gaba bana shi ne mu daina zama masu buga hoto da suna kawai a bayan katin RFID (katin da na'ura ke karantawa ta igiyar rediyo ba tare da an taɓa ba) da wani ya haɗa. Har yanzu cip (ƙwaƙwalwar katin) da eriya (wayar da ke sadar da shi da na'ura) daga Sin muke sayo su, galibi daga birnin Shenzhen, kuma tsadar dala ta ci mana riba sosai. Amma alhamdu lillahi, wasu shagunanmu sun fara gasa katin da kansu: a jera ledojin PVC, a sa shimfiɗar cip da eriya a tsakiya, a danne da zafi, sannan a yanka daidai awon katin banki, milimita 85.6 da 54, kauri 0.76. A horon da muka yi wa yaran shago, a nan aka fi daɗewa. Zafi ya yi yawa, katin ya lanƙwashe. Ya yi kaɗan, ya ɓare a aljihun mai shi. Mun kuma ja kunnensu kan huda kati domin rataya igiya. Eriyar nan wayar tagulla ce siririya, gefen katin take zagayawa, kuma tunda katin ba shi da batir, ita ce ke jawo masa wuta daga na'urar karantawa. Huda ɗaya a inda bai dace ba, kati ya mutu.

Maganar da ta fi tayar da ƙura a tarukanmu ita ce ta kati mai araha. Katin kilohaz 125 (awon igiyar rediyon da yake aiki da ita ke nan) irin EM4100 lamba kawai yake faɗa, ba shi da wani makulli, ana kwafarsa cikin ƙiftawar ido. Katin MIFARE Classic mai megahaz 13.56 kuwa, tun 2008 masu bincike suka fasa sirrinsa. Duk da haka ana sayar wa otal-otal da makarantu su, a ce musu ƙofa ta tsaru. Wannan cin amana ne, ko da ba da gangan ba. Kwamiti ya yanke cewa duk inda akwai kuɗi ko ɗakin kwanan mutane, a ba mai saye shawarar katin DESFire mai makullin sirri mai ƙarfi da ake kira AES. In ya nace sai mai araha, a faɗa masa gaskiya ƙarara, zaɓi ya rage nasa.

Ɗan kunnen RFID da ake maƙala wa shanu ma mun taɓa shi. Yana aiki a kilohaz 134.2, da lamba mai alƙaluma 15 bisa ƙa'idar duniya ta ISO 11784. Dillalan kara da muka zanta da su sun nuna sha'awa saboda satar shanu, sai dai ba amfanin ɗan kunne a kasuwar da babu na'urar karantawa da rajista. Takardun manna wa kaya na UHF (nau'in RFID da ake karantawa daga nesa) kuwa, ƙarfe da ruwa suna hana su karantuwa, sai a riƙa tambayar ɗan kasuwa irin hajarsa kafin a karɓi oda.

Kuɗin wata-wata bai shigo yadda ya kamata ba, shi ya sa sayen injin gwajin kati na haɗin gwiwa ya koma baɗi. Ma'aji zai karanta lissafi dalla-dalla a babban taro. Masu bashi, don Allah a biya kafin ranar.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya