Rahoton Ayyukan Shekara: Aikinmu a Ƙaramar Hukumar Msinga

Assalamu alaikum, 'yan'uwa maza da mata.

Kamar yadda muka saba, ga bayanin abin da ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna lardin KwaZulu-Natal na Afirka ta Kudu ta yi a bana. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, zai karanta shi a babban taro. Ni zan tsaya kan aikin Msinga, domin can mafi yawan gudummawarku ta tafi.

Saboda sababbin mambobi: Msinga ƙaramar hukuma ce a gundumar uMzinyathi, hedikwatarta tana Tugela Ferry, a bakin kogin Tugela. Sauran garuruwanta su ne Pomeroy da Keate's Drift, amma yawancin jama'a a warwatse suke cikin duwatsu da kwazazzabai. Ƙidayar 2011 ta nuna mutum 177,577, kusan duka masu harshen Zulu, kuma mata sun fi maza yawa. Dalili a bayyane yake: magidanta da samari sun tafi neman aiki Johannesburg da Durban, sun bar kakanni mata da jikoki. A gidaje da dama, kuɗin tallafin tsofaffi da gwamnati ke biyan wanda ya kai shekara 60, da na yara, su ne kaɗai abin da ke shigowa a wata.

Wannan ne ya sa muka sauya salo. Rabon garin masara da man girki a watan azumi mun yi, barguna ma mun kai a Yuni lokacin da sanyi ya tsananta. To amma buhun gari mako biyu ne ya ƙare. Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne takardu. Yaron da ba shi da takardar haihuwa yana shan wahala kafin ya samu tallafi, kuma a ƙasar nan idan aka wuce kwana 30 ba a yi wa jariri rajista ba, sai an bi doguwar hanya, da shaidu da tambayoyi. Akwai wata dattijuwa da ta zo mana da takardun jikokinta ƙunshe cikin ledar burodi, ta ɗaure da tsumma. Katin asibiti ne kawai da takardar makaranta. Uwar yaran ta rasu, uban kuma ba a san inda yake ba. Mun biya mata kuɗin mota, 'yar'uwarmu mai jin harshen Zulu ta raka ta har aka kammala. Yanzu tallafin zai riƙa zuwa har yaran su cika 18. A ganina babu kuɗin da muka kashe bana da ya kai wannan albarka.

Ta fannin lafiya, likitoci da ma'aikatan jinya na cikinmu sun ba da ranakun hutunsu wajen wayar da kai kan tarin fuka. Ba ƙaramin abu ba ne a nan. A asibitin Church of Scotland da ke Tugela Ferry aka gano, a 2005, tarin fuka mai bijire wa kusan dukkan magunguna. Cikin marasa lafiya 53, mutum 52 suka rasu. Tsofaffi ba su manta ba, shi ya sa suke saurare idan aka ce kada a yanke shan magani.

Awaki kuwa su ne asusun talakan Msinga. Mun sayi maganin kaska da na tsutsar ciki, matasan ƙauyukan suka yi feshin da kansu.

Saura maganar rijiyar burtsatse, wadda na san ita ce tambayar kowa. Ba a haƙa ba tukuna, kuɗin kuma suna nan ba a taɓa ba. Ya kamata mambobi su fahimci yadda mulki yake a wurin. Samar da ruwan sha ba aikin ƙaramar hukuma ba ne, na gunduma ne, mai hedikwata a Dundee. Ƙasar yankin kuma, mafi yawanta tana ƙarƙashin Ingonyama Trust, hukumar amanar filaye ta Sarkin Zulu da aka kafa a 1994, don haka ba a dasa ko turke sai da yardar inkosi, wato hakimin yankin, ta hannun induna, mai unguwarsa. Ga kuma zaɓaɓɓen kansila da kwamitin mazaɓa. Wanda ya gaida ɗaya ya tsallake ɗaya, ya ɓata aikinsa da kansa. Mun kai gaisuwa wurin dukkansu, mun samu amincewar masu sarauta, yanzu muna jiran sakamakon binciken masana kan inda ruwa yake.

Mun kuma halarci zaman sauraron ra'ayin jama'a kan shirin raya ƙaramar hukuma, wanda doka ta ce a sake duba shi kowace shekara kafin sabon kasafi ya fara aiki ranar 1 ga Yuli. Mu baƙi ne, ba mu yi magana ba, mun dai ɗauki nauyin motar da ta kai matan ƙauye. Su suka miƙe suka faɗi nisan da suke yi da jarka a ka. Ƙaramar hukuma irin wannan ba ta da masu biyan haraji sosai, da kason gwamnatin ƙasa take rayuwa, saboda haka aikin da bai shiga wannan shiri ba da wuya ya samu kuɗi.

Kwamiti yana ba da shawarar a ƙara kason takardu a baɗi, ko da za a rage na rabon abinci. Na san wasu dattawanmu ba su gamsu ba, kuma hujjarsu mai ƙarfi ce, yunwa ba ta jiran takarda. Za a kaɗa ƙuri'a a babban taro. Muna kuma neman mutum biyu masu jin harshen Zulu da za su iya ba da Asabar ɗaya a wata. Mai niyya ya sanar da ni kafin ranar taron.

Allah Ya saka wa kowa da alheri.

Sakataren ƙungiya